Mataki na Tara

Shekara shida Auta yana aiki a ofishin nan na hawa na biyu, kuma a tsawon shekarun ba a taɓa samun wanda ya tayar da manhajar kamfanin a kwamfutarsa ba sai Auta ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Manhajar ta wani asibiti ce. Tana riƙe da sunayen marasa lafiya da ranar da likita zai gan su, in ranar ta matso kuma ta aika musu saƙon tes a waya don kada su manta. Auta ne ya gina ta tun daga tushe, shi da bai taɓa zama a ajin koyon kwamfuta ba. A bayan kantar wani shagon gyaran waya ya koya, da tsohuwar kwamfuta wadda sai an tokare murfinta da littafi take tsayawa. Yadda ake haɗa manhajar kuwa, duk a kansa yake. Manaja ya ce masa ya rubuta ya fi a ƙirga, shi kuma kullum sai mako mai zuwa. Ba ƙarya yake yi ba, ko a ce ba ƙarya tsagwaronta ba. Amma akwai wani daɗi da yake ji in aka leƙo aka ce, "Auta, zo ka duba mana," daɗin da bai taɓa zama ya tambayi kansa daga ina yake fitowa ba.

Sunan ma daga gida ya biyo shi, kuma wadda ta fi kowa kiransa da shi ita ce Yaya. Ta girme shi da shekara goma sha uku. Da mahaifiyarsu ta rasu ita ta goya shi, ita ta koya masa ɗaura igiyar takalmi da haɗa biyu da biyu. Shekara ashirin da biyu tana koyar da lissafi, har ranar da aka rufe makarantar aka mayar da ginin wurin ajiye kaya. Ba ta zauna kuka ba. Ta kwashi tsofaffin littattafansa, ta yi shekara biyu tana koyon rubuta manhaja a teburin falonta, tana kiransa a waya da tambayoyin da ke sa shi sosa ƙeya. Da aka ce ana neman ƙarin hannu a ofis, shi ya je wa Manaja da maganarta. Manaja ya ce a gwada ta wata uku.

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa. Aka ba ta teburin kusa da taga, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar ruwa cikin wani tsohon bokitin fenti. Ta ajiye kwamfutarta, ta ajiye sabon littafin rubutu, ta jera biro biyu a gefensa, baƙi da ja.

Dogo, mai zana fuskar shafukan manhajar, ya juyo da kujerarsa. Shi ne bakin ofishin, ba ya ganin abu ya ƙyale.

"Ashe ke ce Yayar da ake ba mu labari. Don Allah ki gaya mana gaskiya, tun yana yaro yake da wannan riƙon? Mutumin nan ko gishiri ka tambaye shi sai ya ce bari ya zo ya zuba maka da hannunsa."

"Tun yana rarrafe," in ji Yaya. "Ƙwallo ɗaya gare shi, da ita yake kwana a ƙarƙashin filo."

Aka yi dariya, har da Auta, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Ya ja kujera.

"Kin ga, Yaya, manhajar gaske tana can a babbar na'ura, asibiti na aiki da ita yanzu haka. Wannan ba a taɓa ta. Abin da za mu yi yau shi ne mu gina miki ƙaramar irinta a cikin kwamfutarki, taki ke kaɗai. Ki fasa, ki gyara, ki sake fasawa, ba wanda zai sani. Kamar mai koyon tuƙi a fili, sai dai ya buge ganga."

"To faɗi matakan, in rubuta."

"Ai ba sai kin rubuta ba, ina nan."

"Yau kana nan," ta ce, ta buɗe littafin.

Sai ya kalli rufin ɗaki ya fara zayyano su daga ka, tana bi da baƙin biro. A sauko da kwafin manhajar. A saka kayan aikin da take buƙata, kowane da lambarsa, don in aka saka sabo a wurin tsoho rigima ake yi. Haka har mataki na shida: a kafa ƙaramin rumbun bayanai a cikin kwamfutar, a zuba masa marasa lafiya goma na ƙarya. Na bakwai, a cika fayil ɗin saiti, wato 'yar takardar da ke gaya wa manhajar wane rumbu za ta buɗe da kuma inda za ta tura saƙo. Na takwas, a tayar da ita a duba ko shafin ya fito. Na tara kuwa shi ne gwajin ƙarshe: a ba ta umarni ta aika wa kowa da kowa tunatarwa. Saƙonnin ba sa zuwa ko'ina, in ji shi, a kan baƙin allon kwamfutar kawai suke fitowa, guda goma cif. In ta ga goman nan, to gida ya ginu.

Yaya ta ja layi a ƙarƙashin goma.

Matakai biyar na farko suka tafi sumul. A na shida aka tsaya cak. Kwamfutar Yaya tsohuwa ce, rumbun kuma ya ƙi zama a cikinta. Auta ya goge ya sake, jan rubutu ya cika allo. Ya sauko da wani wanda ya fi tsufa, wannan kuma ya ƙi magana da manhajar. Ya nemi amsa a intanet, ya tarar da mutane da yawa sun yi irin tambayarsa, ba wanda ya dawo ya faɗi yadda ya ƙare. Ƙarfe goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Shayin da Yaya ta haɗa masa ya huce a kofi.

"Ni fa a tawa yana aiki," ya ce, ba da kowa ba.

"An rera taken ofis!" in ji Dogo. "Kowa ya miƙe tsaye. Yaya, ki haddace wannan, da shi muke buɗe aiki da shi muke rufewa. Sai dai yau abin ya zo da sabon salo, wanzami ya kasa aske 'yar gida."

Abin da ya faru bayan wannan, Auta ya juya shi a ransa sau da yawa, kuma bai taɓa samun inda zai laɓe ba. Sha biyu saura kwata, yana da taro da Manaja sha biyu daidai. Ba ya son ya tashi ya bar Yaya da jan allo a gaban Dogo. Gaskiyar da ta fi wannan ɗaci ita ce ba ya son Yaya ta ga ya gaza. Sai ya zare filas, 'yar ma'ajiyar fayilolinsa, daga aljihu, ya kwafi fayil ɗin saitinsa na kansa ya zuba mata. Ya san abin da ke ciki. Tun ranar Juma'a da wata matsala ta taso a asibiti ya juya fayil ɗin ya fuskanci rumbun gaske da hanyar aika saƙo ta gaske, don ya gyara da sauri, kuma bai mayar da shi ba. Ya ce a ransa, shafin kawai za ta gani ta ji daɗi, in ya dawo daga taro ya gyara komai.

Ya danna. Shafin ya fito tsaf, shuɗi da fari. Dogo ya tafa.

Yaya ba ta tafa ba. Ta gyara tabarau ta matso da fuska.

"Auta, kai ka ce mutum goma. Nan kusurwar an rubuta dubu huɗu da ɗari biyu da sha shida."

"Bar wannan, Yaya."

"Ina son in gane ne. In goma muka zuba, ina sauran suka fito? Kuma ma ai ba mu zuba ba, na shida bai yi ba."

Dogo na saurare, murmushi a bakinsa. Manaja ya leƙo yana nuna agogo. Auta ya miƙe, ya ɗauki wayarsa.

"Yaya, nan fa ba aji ba ne. Ba kowane abu ake tsayawa a tambaya ba."

Ya ga yadda ta mayar da bayanta jikin kujera a hankali, ta rufe biron da murfinsa. A bakin ƙofa kalmomin suka zo masa har leɓe: kada ki yi na tara. Kalma biyar. Amma da ya faɗe su, da sai ta ce don me, da kuma sai ya amsa a gaban kowa. Ya ce a ransa ai za ta jira shi. Ya ja ƙofa.

Minti ashirin da fara taro wayar Manaja ta yi ƙara. Ya kashe, ta sake. Kafin ya ɗauka ta teburin waje ta kama, sai ta Auta a aljihu. Daga asibiti ne. Duk wanda sunansa ya taɓa shiga rumbunsu ya sami saƙo cewa likita na jiransa gobe da ƙarfe tara na safe. Umarnin gwaji ba ya tace kowa, don ba a yi shi domin mutanen gaske ba. Wanda ya warke ya samu, wanda ya bar garin ya samu, wanda ya rasu ma wayarsa ta samu.

Manaja ya fito tsakiyar ofis da kwamfutarsa a hannu a buɗe. Ba mai ɗaga murya ba ne, shi ya sa shirunsa ke da nauyi.

"Na duba tarihin na'ura. Daga wannan teburin umarnin ya fita." Ya nuna na kusa da taga.

Yaya ta miƙe tsaye, irin miƙewar da ta yi shekara ashirin da biyu tana sa yara su yi.

"Ni na danna, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce ki danna?"

"Mataki na tara ne a littafina."

Ba ta ƙara ba. Manaja ya juya ya kalli Auta. Ba tambaya ya yi ba, kallo ne kawai, amma ƙofa ce a buɗe, kuma Auta ya san a buɗe take. Ya sunkuyar da kai ya sa wa bokitin fenti ido. Ruwa ya ɗiga sau ɗaya, ya ɗiga sau biyu, sau uku. A na huɗu Manaja ya juya ya koma ofishinsa. Dogo, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya mayar da fuskarsa ga allonsa.

Sauran yinin Auta ya yi shi yana aika saƙon ban haƙuri ga mutum dubu huɗu da ɗoriya, yana canza lambobin sirri, yana aiki kamar mai kashe gobara. Kowa ya ga ƙoƙarinsa. Har aka yaba masa.

Washegari da hantsi shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin ta zo da kanta. Mace ce mai jiki, ta hau benen tana haki, ta ƙi kujerar da aka ba ta. Ta ce cunkoson da aka yi musu da safe ba shi ya kawo ta ba, wannan sun saba.

"Wani dattijo ne. Matarsa ta rasu a wurinmu wata bakwai da suka wuce, ni na rufe mata ido. Ashe har yau yana sa wa wayarta caji. Saƙonku na biyu, na ban haƙuri, bai gani ba, ko ya gani bai kula ba. Ƙarfe takwas da rabi ya zo da katinta a hannu, ya sa kayansa masu kyau, ya zauna a benci. Na ce, Baba lafiya? Ya ce ya san ba ta nan, shi ba mahaukaci ba ne. Amma tunda an kira sunanta, bai kamata a ce ba wanda ya amsa ba." Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Ni dai na zo in ga masu danna abin nan ne, in gaya musu akwai mutane a ɗaya gefen."

Yaya ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Da la'asar Manaja ya kira Yaya ciki. Ba a daɗe ba ta fito, ta naɗe wayar caji, ta sa littafin da birukan a jaka, ta yi wa Dogo sallama da fara'a. Asibiti na son a nuna musu an ɗauki mataki, in ji Manaja, ita kuma gwaji take yi dama. Auta ya ɗauki jakar zai raka ta.

"Koma bakin aikinka," ta ce. "Na san hanya."

Kwana huɗu bai je gidanta ba. A kwanakin nan ya zama alƙalin kansa, kuma lauyan kansa, ya kawo hujja ya rushe. Ai ba shi ya danna ba. Amma wanda ya miƙa wa mutum kofi ya san abin da ya zuba a ciki, ba ya cewa ba shi ya haɗiye ba. Ai in ya yi magana su biyu za a kora, me aka ƙaru da shi? Amma wannan lissafin bayan shirun ya zo, ba kafinsa ba. A lokacin da ruwa ke ɗiga a bokiti ba lissafi yake yi ba, tsoro ne kawai, irin na yaron da ya fasa tulu ya ji ana tambaya.

Ranar Asabar da safe ya same ta a falo tana guga. Ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi matarsa da yara. Ya zauna a bakin kujera.

"Yaya, fayil ɗin da na zuba miki..."

"Naka ne. Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da wayoyi suka fara kuka. Na buɗe shi na karanta. Ba sai mutum ya yi shekara shida ba kafin ya gane adireshin asibiti." Ta juya rigar ta ɗora dutsen guga. "Abin da ya kamata in yi kafin in danna ke nan."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"An nemi wanda ya danna, na faɗa. Sauran ba tawa ba ce da zan faɗa." Ta ɗago ta dube shi. "Na dai jira, Auta. Ban daɗe ina jira ba, amma na jira."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kuma kada ka ɗauke mini nawa laifin, ka bar mini kayana. Na ga dubu huɗu da idona. Shekara nawa ina dukan tebur ina cewa yara kada su kwafi amsar da ba su gane ba? Amma ka ce nan ba aji ba ne, sai na ji kunya. Na ce bari in gama kafin ka fito, kada a ce ka kawo tsohuwa mai tambayar tsiya. Don kada in ba ka kunya na danna. Ka ji wautar babba."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta kashe dutsen guga ta shiga kicin, ya ji tana ɗauraye kofuna, ta daɗe tana ɗauraye su fiye da yadda kofuna biyu ke buƙata.

Ranar Litinin bai ko ajiye jakarsa ba ya shiga wurin Manaja ya rufe ƙofa. Ya faɗi komai, filas ɗin, ranar Juma'ar, tambayar da ta yi da amsar da ya ba ta. Ya taho da shirin a kore shi, har ya ji wani sanyi a ransa yana magana. Manaja ya saurare shi har ƙarshe yana juya biro a yatsu.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Tarihin na'ura ba teburi kaɗai yake nunawa ba. Yana nuna lambar sirrin da aka shiga da ita. Taka ce. Tun kafin in fito daga ɗakin nan na gani."

"To me ya sa..."

"Na dube ka, ba ka ce komai ba. Ni kuma, gaskiya, na ji daɗi da ba ka ce ba." Ya ajiye biron. "Auta, in na sallame ka yau, gobe wa zai tayar da abin nan? Dogo? In na'ura ta tsaya, mu duka nan sai dai mu zauna mu kalle ta. Ita kuwa kwana biyu ta yi. Ba adalci ba ne, na sani, ba sai ka gaya mini ba. Amma ka tambayi kanka wa ya mayar da kai wanda ba a iya taɓawa."

"A dawo da ita. A gaya wa asibiti ni ne."

"In gaya musu wanda ke riƙe da bayanan marasa lafiyarsu shi ya yi sakaci, kuma har yanzu yana riƙe da su? Ita kuma ka tambaye ta ko za ta dawo?"

Auta ya fito. Ya tsaya a gaban teburin kusa da taga, wanda an riga an ɗora masa kwalin takardu. Shekara shida yana tsammanin abin da ya riƙe a kansa gata ne ya yi wa kansa, kuma gatan ne, ya yi aiki yadda ya kamata: ranar da aka zo neman wanda za a jefar, shi ya yi nauyin ɗauka, sai aka ɗauki mai sauƙi. Bai taɓa tunanin mai sauƙin za ta zama wadda ta goya shi ba.

Ya zauna ya buɗe sabon fayil, ya fara rubuta matakan.

Ya ɗauka aikin yini ɗaya ne, ya ci masa mako biyu. Duk inda ya ce "sai a yi kaza" sai ya ji muryarta tana cewa don me, sai ya koma ya rubuta dalili. Ya gano abin da ya hana rumbun zama a tsohuwar kwamfuta, ashe layi ɗaya ne, da ya yi haƙurin rabin awa a ranar da ya gani. Ya gyara umarnin gwaji yadda in ya ga sama da mutum goma zai ƙi tafiya, ya ce a duba saiti. Ya ba Dogo ya gwada. Dogo ya bi takardar shi kaɗai har shafin ya fito, ya juyo zai yi tsiya, sai ya ga fuskar Auta ya haɗiye.

"Ka san dai yanzu kowa zai iya," in ji Dogo a hankali.

"Na sani."

Ya buga takardun, shafi shida, ya kai mata ranar Asabar. Ta karɓa ta auna su a tafin hannu kamar mai sayen tumatir.

"Ƙwallon ce ka fito da ita daga ƙarƙashin filo?"

"Ki gwada mini, Yaya. A kwamfutarki. Ba zan sa baki ba."

Ta sa tabarau, ta ɗauko jan biro. Ya zauna a kujerar da ke bayanta, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Sau biyu ya motsa zai yi magana, ta ɗaga yatsa ba tare da ta waiwayo ba. A mataki na huɗu ta zagaye wata kalma, ta rubuta a gefe cewa bai faɗi a wane wuri za a buga umarnin ba. A na shida rumbun ya zauna lafiya lau. A na bakwai ta buɗe fayil ɗin saiti ta karanta shi layi-layi, leɓunanta na motsi. Shafin ya fito, shuɗi da fari, a kusurwa an rubuta goma.

Ta kai yatsa kan maɓalli, ta tsaya. Ta daɗe a haka. Sannan ta danna. Saƙonni suka jeru a baƙin allon, ta bi su da bakin biro tana ƙirgawa a fili har goma. Waya ba ta yi kuka ba.

"Ya yi," ta ce. Ta rubuta takwas bisa goma a saman takardar ta miƙa masa.

"Na yi wa Manaja magana," in ji Auta. "In kin yarda zan sake komawa, in ta kama, ni in tafi ke ki..."

"A'a." Ta rufe kwamfutar. "Wata makaranta ta kira ni, 'yan aji uku, lissafi. Ranar Litinin zan fara. Can in na yi tambaya ba a jin haushi, ni ma ake tambaya."

"Shekara biyu kika yi kina koyon abin nan, Yaya."

"Na yi. Na kuma so shi, ka sani." Ta shafa murfin kwamfutar sau ɗaya, ta ture ta gefe. "Dattijon nan fa, ka taɓa tambayar sunansa?"

Bai taɓa ba. Sunan matar yana nan cikin rumbun da yake buɗewa kullum, tsakanin dubu huɗu da ɗari biyu da sha shida, bai nema ba.

"To ka nema," ta ce, ta miƙe. "Ka gyara na huɗun nan kuma, kafin wani ya zo ya ji kunyar tambayarka."

Ya naɗe takardun ya sa a aljihu. Ta raka shi har bakin ƙofa, ta ce ya gaida gida. Yana sauka matakala ya ji ta mayar da sakata.